Kifin ƙawa na ruwan teku: a san sunansa kafin a biya kuɗinsa

Ƴan kasuwarmu da ke zuwa sarin kaya Kwatano, Lome ko Dubai sun sha ganin akwatunan gilashi cike da ruwa a otal-otal da manyan kantuna, ƙananan kifaye masu launi na kai da kawowa a ciki. Idan ruwan na teku ne, da wuya a rasa wani ɗan kifi da ake kira damselfish da Ingilishi, demoiselle da Faransanci, wato budurwa. Yana da arha, ga kuma juriya, shi ya sa dillalai ke fara tallata shi ga sabon shiga. To amma sunan ba na kifi ɗaya ba ne. Dangi ne babba mai suna Pomacentridae, mai jinsi wajen 400, kuma sau da yawa a cakuɗe ake sayar da su, ba tare da sunan kowanne ba.

Mu da muka saba da kasuwa mun san ba a sayen atamfa don launi kaɗai. Haka abin yake a nan, domin launin ƙuruciya na yaudara. Akwai wanda masana ke kira Neoglyphidodon melas: yana ƙarami jikinsa fari ne mai ratsin shuɗi, gadon bayansa rawaya, amma da ya girma sai ya koma baƙi ƙirin, ya wuce santimita 15. Shi kuwa Dascyllus trimaculatus baƙi ne mai ɗigo fari uku, ɗaya a goshi, ɗaya a kowane gefe. Da girma ya zo ɗigon kan dushe, faɗa ya ƙaru.

Faɗan nan shi ne asarar. A teku da yawansu kan kama wuri a jikin dutse su hana kowa kusantowa. A cikin akwati kuwa babu wurin gudu, don haka kifin da aka saya da arha kan matsa wa mai tsada har ya daina cin abinci ya mutu. Kama shi ma aiki ne, wani lokaci sai an kwashe duwatsun akwatin duka.

To yaya za a gane shi? Da farko a bar shi ya huta kwana biyu ko uku, domin tsoro kan sa launinsa ya yi duhu. Sai a ɗauki hotonsa ta gefe a farin haske, saboda shuɗiyar fitilar akwati na sauya kama. Galibinsu ƙofar hanci ɗaya ce a kowane gefe, kamar ta karfasar kogunanmu, wannan ke nuna dangin. Daga nan a dubi jela: mai tsagaggiyar jela kamar almakashi, kore-kore, da ke tafiya cikin garke, yawanci Chromis viridis ne, wanda bai cika faɗa ba. A ƙirga zane, a lura da inda ɗigo yake. Sannan a tambayi dillali tekun da aka kamo shi, domin Abudefduf saxatilis na tekun Atlantika mai baƙin zane biyar yana da ɗan'uwa mai kama da shi a tekun Indiya, wato Abudefduf vaigiensis.

Ga mai niyyar kawo su Maraɗi, Ƙwanni ko Gaya, ya sani cewa ruwansu na buƙatar gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma gishiri ne na musamman, ba na miya ba. Zafin ruwan kuma ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27, abin da ke da wuya a lokacin bazara idan an ɗauke wuta.

Shawararmu ita ce, a nemi dillali ya rubuta sunan kimiyya na kowane kifi a kan takardar ciniki. Wanda ya kasa, cinikin biri a sama yake so a yi da shi. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka.