FILIN MATA: Tsohuwar Motar Da Ta Zama Jirgin Ceto

 

Yau zancenmu a kan mota ne. Kada wata ta ce wannan hirar maza ce ta juya shafi, gama sau da yawa in maigida ya riga mu gidan gaskiya, mace ce ake bari da makullin. Ku dubi manyan gidajen garuruwanmu. Da wuya ku rasa wanda aka kafe wata tsohuwar marsandi a cikinsa, ƙarƙashin darbejiya, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe ta, kaji sun mai da ita akurki. An ƙi sayarwa don tunawa da Alhaji, an kuma kasa hawa don tsadar mai da gyara. Damina ta dake ta, rani ya gasa ta, har ta kai ba mai tayawa sai 'yan gwangwan. To, ku saurara ku ji yadda wani mutumin Ingila ya yi da tasa.

Sunansa Richard Colton, attajiri ne mai cinikin takalma a lardin Northamptonshire. Allah ya ɗora masa son mota, ya tara su iri iri, amma a cikinsu akwai biyu da ya fi ji da su, dukansu Ferrari, ƙirar Italiya. Ɗaya an ƙera ta a 1960, ɗaya kuwa a 1967. Bai kulle su a ɗaki yana kallo ba, hawansu yake yi, yana kewaya ƙasashen Turai da su, yana kuma kula da gyaransu shekara da shekaru. Da ya rasu a 2015 aka buɗe wasiyyarsa, sai aka tarar ya bar motocin nan biyu ga ƙungiyar jiragen ceto ta ƙasarsu, wadda suke kira RNLI.

Ita wannan ƙungiya tun 1824 aka kafa ta. Aikinta shi ne fita cikin teku, ko da dare ko da rana, ko ana hadiri, don tsamo waɗanda ruwa zai ci. Yawancin matuƙanta 'yan sa kai ne, kuma da gudummawar jama'a da wasiyyar mamata take tafiya. Da ta cika shekara 200 a 2024, lissafinta ya nuna ta ceci rai fiye da 140,000. Abin mamaki, an ce shi Colton ba ma'abocin ruwa ba ne, har ma yana ɗan tsoron teku.

To, ƙungiyar ba ta ce za ta riƙa ɗaukar ma'aikatanta a cikin Ferrari ba. Gwanjo aka kai motocin, a Duxford, cikin watan Oktoba na 2015. Ta 1960 ta tashi a kan fam miliyan 6 da dubu 600, ta 1967 kuwa fam miliyan 1 da dubu 930, watau jimla fam miliyan 8 da rabi har da ɗoriya. Daga cikin kuɗin aka ƙera sabon jirgin ceto, aka kai shi garin Hastings a bakin tekun kudancin Ingila a 2018, aka sa masa sunan marigayin da na matarsa Caroline, kamar yadda ya roƙa. Kun ga ke nan motar da dā mutum biyu kaɗai take ɗauka don nishaɗi, ta koma abin da ke komo wa uwa da ɗanta daga bakin mutuwa.

Sai dai kada labarin ya ruɗe mu. Ba kowace tsohuwar mota ce ke yin irin wannan daraja ba. Irin waccan ta 1960 ba a ƙera ko 200 ba a duniya duka, ga shi kuma mai ita ya riƙe ta da lafiyarta da takardunta. Yawancin manyan motoci in sun tsufa faɗuwa suke yi, kuma sun fi ƙanana saurin faɗuwa, don kowa na gudun shan mansu da tsadar kayan gyaransu. Abin koyi a wurin Colton abu uku ne: ya rubuta nufinsa tun yana da rai, ya faɗi wanda za a ba, ya kuma bari a sayar a fili inda masu saye za su yi gasa.

Yanzu bari mu leƙa Amurka, inda ba da tsohuwar mota sadaka ya zama al'ada, domin hukuma takan rage wa mai bayarwa haraji. A nan ne aka ga ɗaya fuskar al'amarin. Ƙungiyoyi da yawa ba su iya karɓar mota da kansu, sai su ba 'yan tsakani. Su kuwa su janye ta, su kai gwanjon dillalai, su cire kuɗin ja da na talla da ladansu, abin da ya saura shi ne na mabukata. A 2003 ofishin binciken kuɗi na majalisar ƙasar ya bi sawun waɗansu motoci 54, ya tarar a kashi 2 cikin 3 nasu abin da ya isa hannun ƙungiya bai wuce 5 cikin 100 na darajar da mai motar ya rubuta ba. Saboda irin wannan aka sake doka. Tun daga 2005, in darajar mota ta wuce dala 500, galibi abin da aka sayar da ita shi ake lissafa wa mai bayarwa, ba abin da ya ƙiyasta da bakinsa ba. Ashe ko a can ma, ba girin-girin ba, ta yi mai.

To, mu komo gida. Ke da aka bari da makulli, kafin ki ce kin ba marayu ko makaranta ko asibiti motar marigayi, tambayar farko ita ce, ta wa ce? In mijinki ya rasu bai ba ki ita kyauta ba tun yana da rai, to, ta shiga gado. A shari'a sai an fid da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya, sa'an nan a raba saura. Rabon matar mamaci tumuni ne, watau kashi 1 cikin 8, in ya bar 'ya'ya, in kuwa bai bari ba rubu'i ne, kuma in ku biyu ne ko uku ko huɗu, wannan kason za ku raba. Saboda haka ba ki da ikon kyautar da ita ke kaɗai, kome kyan niyyarki. Manyan magada suna iya yafe nasu in sun so, amma rabon ƙaramin yaro ba mai ikon yin sadaka da shi, ko uwarsa, ko waliyyinsa. Kada a je neman lada a ɗauko alhakin maraya na cikin gida.

In kuwa motar taki ce, ko maigida yana da rai kuna shawara, to, ga hanya a buɗe. Mai rai da lafiya yana iya ba da abinsa nan take. Wanda ya fi so sai bayan ransa, ya yi wasiyya a rubuce gaban shaidu, ya kuma tuna wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya sai da yardar magada. Mota mai tsada kuwa tana iya fin sulusin abin da mutum ya bari. Ku tuna wa mazajenku wannan cikin hikima, rubuta wasiyya ba ya jawo ajali.

Tambaya ta biyu, motar suke bukata ko kuɗinta? Ku je ku tambaye su, kada ku yanke musu. Gidan marayu da ke fama da abin sawa a tukunya, in kika danƙa masa babbar mota mai zuƙar mai, kin ƙara masa baki ne. Tun da aka janye tallafin mai a Nijeriya a 2023 kowa ya san abin da cika tanki ke ci, ga direba, ga makaniki, ga kayan gyara da sai an aika nesa. Sau da yawa abin da ya fi shi ne a sayar, a sayi abin da suka rasa, ko buhunan hatsi, ko gadajen asibiti, ko a haƙa rijiya, ko a sayi 'yar ƙaramar bas da kowane makaniki ya san cikinta.

In an tsai da shawarar sayarwa, ga abin da zan gargaɗe ku. Kada a kira dillali ɗaya a tsaya a kan bakinsa, gama in ya ga mace cikin takaba da mota mai ƙura, rabin kuɗi zai taya. A sa amintaccen makaniki ya duba ta tukuna, a wanke ta, a tashe ta in tana tashi, kana a ji tayin mutum uku ko huɗu. A yi ciniki gaban shaidu, a san ladan dillali tun kafin a sallama. A tattara takardunta duka, da ta kwastan da ta shaidar mallaka, a kuma tabbata an sake suna a ofishin lasin. In ba a sake ba, ranar da motar ta buge wani ko aka yi ɓarna da ita, ƙofar wanda sunansa ke takarda za a ƙwanƙwasa. Kuɗin kuwa a kai hannun shugabannin wurin, a karɓi rasit, bayan 'yan watanni a koma a ga abin da aka yi da su. Wannan ba rashin yarda ba ne, kula da amana ne.

Na san abin da ke riƙe da yawancinmu. Mukan dubi motar mu tuna ranar da aka kawo ta, da tafiye-tafiyen salla, da mazaunin da maigida yake zama. Ba laifi ba ne. Amma ku yi tunani, wanne ya fi zama tunawa da shi, ƙarfen da tsatsa ke ci a tsakar gida, ko rijiyar da ake sha ana yi masa addu'a? Kowace damina da ta wuce a kan motar nan, wani abu ya ragu daga abin da mabukata za su samu. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, gaskiya ne, don haka na ce a bi ƙa'ida. Amma in an bi ta, kada a tsaya jinkiri.

Wadda ke da irin wannan mota a gida, ta tara magada cikin makon nan, a nemi malami ko alƙali ya fayyace rabon kowa, sa'an nan a yi shawara. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya karɓi sadakarmu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.