Ƙashi Kafin Fata

Ya 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, akwai da yawa daga cikinmu da suka taɓa zana mutum a kan allo, yara suka bushe da dariya don hannuwansa sun sauko har gwiwa. Dalili kuwa, mun fara da riga da fata, mun manta da abin da ke ƙarƙashinsu.

Mai jinka ba ya baibaya sai ya ɗaure tsaiko. To, tsaikon ɗan Adam shi ne ƙashinsa, baligi yana da guda 206. Ga awo uku da ya kamata mu riƙe. Na fari, tsawon baligi kamar kansa bakwai da rabi ne, na jariri kuwa kamar huɗu; saboda haka in ka cika girman kai, sai dattijonka ya koma yaro. Na biyu, idanu suna tsakiyar kai, tsakanin haɓa da tsakar ka. Na uku, in mutum ya saki hannu, yatsunsa sukan tsaya wajen tsakiyar cinya.

Leonardo da Vinci, mutumin Italiya wanda ya mutu a 1519, har gawa ya feɗe don neman wannan sani. Masu sassaƙa siffa a kwamfuta da Blender su ma bisa wannan awo suke ɗora tsoka, sa'an nan fata.

Mu kam ba sai mun feɗe kowa ba. Kafin ka ɗauki alli, shafa kafaɗarka da haƙarƙarinka, ka auna abokin ɗakinka da zare, kana ka zana.