Bayan An Tashi Daga Bita, Wa Ke Bin Malamin Turanci Aji?

Daga Kabuga zuwa garin Gwarzo tafiyar kimanin kilomita 70 ce. Ka wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Janguza, ka ratsa ƙasar Rimin Gado da ta Kabo, sai ga ka a Gwarzo, inda hanya ta miƙe zuwa Dayi a jihar Katsina. Wannan titin masu horar da malaman Turanci suke bi in an shirya bita a yammacin Kano, kuma galibi iyakarsu bakin kwalta: wata babbar firamare a hedikwatar ƙaramar hukuma, mai rufi da bencina. Yaran da ake yi dominsu kuwa suna can ciki, a ƙauyukan mazaɓun Kutama da Lakwaya da Mainika da Madadi, ko Durun da Gammo da Hauwade da Masanawa a ɓangaren Kabo, inda da yawa sai an hau babur an bi burtali, in damina ta yi nisa ma a tuɓe takalmi a ƙetare rafi.

Babu mai musun cewa yaron Getso a ƙasar Gwarzo yana bukatar Turanci. Da shi zai rubuta WAEC da NECO, kuma in bai samu kiredit a cikinsa ba jami'a ta rufe masa ƙofa, ko da ya cinye lissafi da kimiyya. A JAMB ma shi ne darasin da ba a zaɓe. Tun manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 tsarin shi ne a koyar da yaro da harshensa a shekaru ukun farko, Turanci yana matsayin darasi, daga aji huɗu kuma Turancin ya karɓi ragama. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta ce harshen uwa zai riƙe duk shekaru shida na firamare. A Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, aka mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga tushe. Duk wannan kai-kawo a Abuja aka yi shi. Malamin aji huɗu a ƙauyen Kabo, da jiya da yau, abu ɗaya yake yi: ya karanta jimla da Turanci, ya fassara da Hausa, yara su ce sun gane.

Wanda bai taɓa shiga bitar malamai ba, ga yadda take. Ana haɗa malamai arba'in ko hamsin a aji ɗaya, manyan mutane masu iyali, gwiwoyinsu na tokare da teburan yara. Mai horarwa ya manna farar takarda a bango, ya raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da kwali da maka. In bitar sautuka ce irin ta Jolly Phonics, wadda ke koyar da sautuka 42 kowanne da motsinsa, sai ka ga dattijo mai furfura yana lanƙwasa hannu kamar maciji yana cewa "sss", 'yan'uwansa na dariya suna bin sa. Malamai mata, waɗanda a kan same su a layin baya, su suka fi saurin kamawa. Da azahar a yi salla, a raba shinkafa a roba, a sa hannu a takardar halarta. Ranar ƙarshe a ɗauki hoto, a ba da takardar shaida da kuɗin mota. Ni ban raina wannan ba. Malamin da ya shekara goma ba wanda ya tambaye shi yadda yake koyarwa, kwana ukun bitar suna tuna masa cewa sana'a gare shi. Amma ba a nan gizo yake saƙar ba.

Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da dubban makarantun firamare, don haka ba mai iya horar da kowa baki da baki. Sai a yi tsani: ƙwararru su horar da 'yan kaɗan a birni, waɗannan su horar da jami'an ƙananan hukumomi, su kuma su horar da hedimastoci da malami ɗaya ko biyu daga kowace makaranta, a ce su je su koya wa sauran. Kamar fura ce da duk wanda ta biyo ta hannunsa sai ya ƙara mata ruwa. Abin da aka yi kwana biyar ana nunawa a Kano, kafin ya isa ƙauye ya koma bayanin minti ashirin a ofishin hedimasta. Wani lokacin ma wanda aka tura bitar ba shi ke koyar da Turancin ba. An dai tura shi ne don a wannan karon shi layin alawus ya zo kansa. Wani kuma wata biyu bayan bita a yi masa canjin makaranta, ya tafi da kwalayensa.

Wanda ya dawo da niyyarsa ma, ranar Litinin zai tarar da abin da ba a yi bitarsa ba. Yara tamanin ko ɗari a ƙasa, littafi bai fi a ƙirga da yatsu ba, allon ya koɗe. An ce ya raba su rukuni, to ina filin? Lokacin kaka rabin ajin suna gona, ranar kasuwar Getso wasu sun tafi talla. Sai ya koma abin da ya gada: ya faɗa, su amsa gaba ɗaya da ƙarfi. Mai wucewa ta bayan taga zai rantse karatu ake yi. Ka ware yaro ɗaya daga cikin masu ihun, ka nuna masa kalmar a wani shafi, sai ya sunkuyar da kai.

Shi Turancin kansa yana da tarkon da ya dace a faɗa wa malami ƙarara. Hausar boko yadda ake faɗa haka ake rubutawa, wasulanta biyar, kowanne da gajere da dogo. Turanci yana da haruffa 26 amma sautukansa sun kai 44, kuma harafi ɗaya yakan yi sauti uku ko huɗu. Bahaushe ba ya bambanta p da f a harshensa, shi ya sa pan da fan suke zame wa yaro abu ɗaya. Ba ya jera baƙaƙe a farkon kalma ba wasali, shi ya sa bread ya zama burodi a bakinmu. Waɗannan ba alamun daƙiƙanci ba ne, kuma ana gyara su da 'yan mintuna na atisaye kullum. Sai dai malamin da shi ma haka yake furtawa ba zai ji kuskuren ba, sai wani ya zauna a ajinsa ya ji.

An taɓa gina tsarin da ya fahimci haka. Shirin ESSPIN, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 zuwa 2017 a jihohi shida har da Kano, ya fara a Albasu da Fagge da Kumbotso, daga baya jihar ta faɗaɗa horon zuwa dukkan ƙananan hukumomi. Ƙashin bayansa jami'in tallafa wa makarantu ne, wanda malamai ke kira SSO, ma'aikacin ofishin ilimi na ƙaramar hukuma da aka damƙa wa wasu makarantu ya riƙa zagayawa. Ba sufeto ba ne irin na da, mai zuwa ya duba rajista da littafin shirin darasi, ya ja jan biro, hedimasta na biye da shi yana "ranka ya daɗe". Aikinsa ya taya malami koyarwa.

Ziyarar da ta amsa sunanta ba ta da wani ado. Jami'in ya iso kafin a shiga aji, ya zauna a baya tare da yara, ya yi shiru har a gama darasi. Ya lura yara nawa suka yi magana su kaɗai, da ko an tambayi 'yan mata. Sannan ya ɗauki yara biyar daga layin baya, ba waɗanda malam zai zaɓo masa ba, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya a gindin bishiya: ga haruffa, ga kalmomi, ga gajeren sakin layi, ga labari. Inda yaro ya tsaya, nan ne matakinsa. Wannan gwaji daga Indiya ya samo asali, wurin ƙungiyar Pratham, kuma bai fi 'yan mintuna ba. Bayan an tashi tara sai su keɓe da malamin, ba a gaban yara ba. "Malam, yadda ka sa su taɓa kowane harafi da yatsa ya yi kyau. Gobe gwada kiran su ɗaya-ɗaya kafin su amsa tare. Zan dawo bayan mako biyu mu gani." Gyara ɗaya tak, ba goma ba. Kuma ya dawo ɗin.

A wajen dawowar nan ake faɗuwa. Bita tana da hoto da allon sanarwa da babban baƙo, tana shiga rahoto cikin sauƙi: an horar da malamai kaza. Ziyara ba ta da ko ɗaya, sai man babur da facin taya. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, jami'in da zai je makarantar da ke bakin iyakar Katsina daga aljihunsa zai yi lissafi sau biyu. Abin da ke biyo baya sananne ne: makarantun bakin titi su sha ziyara, na lungu a kira hedimasta a waya a cike fom. Da zarar masu ba da tallafi sun naɗe tabarmarsu, kuɗin zirga-zirga ne farkon abin da ke ɓacewa.

Akwai kuma batun Hausa, wanda a ganina bitar Turanci ba ta da ikon tsallakewa. Yaron da ya iya karanta harshensa ya riga ya gane sirrin cewa harafi sauti ne, sautuka kuma haɗuwa suke su ba da kalma. Saura ya koyi sabon harshe kawai. Wanda bai iya ba, ana nema ya koyi abu biyu lokaci guda. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife tun daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, ya nuna Turancinsu bai ci baya ba. A nan gida, shirin KaLMA da aka fara a 2019 a Wudil da Dawakin Tofa, tare da SUBEB da British Council da Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi, ya ɗauki yaran aji huɗu zuwa shida ya raba su bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba, ya ɗora Turanci a kan Hausa. Ko me takardar Abuja ta ce, malamin Lakwaya zai yi Hausa a aji. Gara a koya masa lokacin da zai yi ta da lokacin da zai bar ta, da a bar shi yana yi a ɓoye yana jin kamar laifi yake aikatawa.

Sauran magana ita ce Turancin malamin kansa. Kowa yana tuna 2017, lokacin da Kaduna ta yi wa malamai jarabawa, 21,780 suka faɗi aka sallame su. Wannan ya nuna girman ciwon, amma a ƙauyen da samun mai NCE da zai yarda ya zauna ma aiki ne, kora ba ta cike aji. Kwana uku ba sa gyara Turancin babba. Abin da ke gyarawa shi ne malaman makarantu huɗu ko biyar masu maƙwabtaka su riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata, su karanta darasin mako mai zuwa da ƙarfi, su gyara wa juna, jami'in ya turo musu muryar furucin ta WhatsApp. Wannan ba ya bukatar otal ko baƙo daga birni.

A Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, ana ta gyaran azuzuwa da ɗaukar malamai. Kwamitocin iyaye na SBMC a Gwarzo da Kabo suna da hanyar auna rabonsu a ciki ba sai sun je Kano ba. Kowace makaranta tana da littafin baƙi a ofishin hedimasta. Su buɗe shi su ga yaushe jami'i ya zo na ƙarshe, ajin wa ya shiga, sannan su kai ranar da sunan makarantar gaban Sakataren Ilimi.