Mun Je Yamai, Mun Ga Gadar Kennedy da Gidan Tarihi

 Da maganar zuwa Yamai ta taso a taronmu na mako, sai da aka yi gardama. Wata dattijuwarmu ta ce: "Kuɗɗin da muka tara da gumi, su za mu kai yawon kallo?" Gaskiyarta. Shi ya sa muka yanke ba za a taɓa akwati ba. Muka buɗe zubi na daban, muka haɗa kai da wata ƙungiya ta Mayahi, muka bari sai bayan kaka.

Da asuba muka tashi daga Tasawa. Muka bi ta Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, tafiyar sama da kilomita 700.

Washegari muka fara da gidan tarihi na ƙasa, wanda mutanen gari ke ce ma Muze. An kafa shi a 1959, yana ɗauke da sunan Bubu Hama, marubucin nan da ya shugabanci majalisar dokoki. Mun ga zaki da kura da dorina. Mun ga ƙasusuwan dabbobin dauri da aka tono a yankin Agadas, da iccen Tenere da babbar mota ta kayar a 1973. Amma inda muka daɗe shi ne ɗakin tufafin gargajiya. Ga saƙi, ga kayan ado irin na kakanninmu, an adana su ana nuna wa baƙi. Wata cikinmu ta ce irin wannan zanen tana da shi a ƙasan adaka, gara na neman cinye shi.

A cikin gidan akwai masu sana'a, dukawa da maƙera da masaƙa, suna aiki suna sayarwa. Mun tambayi farashi, mun duba ɗinki da kyau. Tabarminmu da faya-fayanmu ba su kasa nasu ba. Sun fi mu tsabtar gama aiki da iya jera kaya.

Da la'asar muka gangara Gadar Kennedy, ba nisa. An buɗe ta a 1970, tsawonta ya wuce mita 700, tana haɗa gari da Harobanda, inda jami'ar Abdu Mumuni take. Mu da muka saba da Gulbin Kaba, kwarin da sai rairayi, ga kogin Isa shimfiɗe, masunta cikin kwalekwale, masu lambu a bakin ruwa. Muka tsaya shiru har rana ta faɗi. Dattijuwar nan ce ta fara cewa: "Gani ya kori ji."

Da muka dawo gida, mun ƙudura abu biyu: mu gyara gefen tabarminmu kafin mu kai kasuwa, mu kuma fiddo kayan kakanni mu nuna wa ɗiyanmu. Ƙungiyar da ke son zuwa, ku fara zubi tun yanzu, ku bar akwati da mabuɗansa. Allah Ya ƙara wa asusunmu albarka.