Gyaɗa ko tafarnuwa: wacce ta fi amfani ga jiki?

A kasuwannin Garwa, Njamena, Kwatano da zangon Kumasi, da wuya a shiga layin masu kayan miya ba a tarar da gyaɗa da tafarnuwa kusa da juna ba. Sai dai a 'yan shekarun nan, saƙonnin da ke yawo a WhatsApp sun ɗaga tafarnuwa sama, har wasu na ɗaukarta a matsayin abin da ya fi kowane abinci gina jiki, wasu ma na ajiye maganin asibiti saboda ita. Alƙaluman masana abinci na nuna cewa kowacce da aikinta, kuma ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya.

Abin da ma'auni ya nuna

Bisa jadawalin sinadaran abinci na Ma'aikatar Noma ta Amurka, giram 100 na ɗanyar gyaɗa na ɗauke da kalori 567, da furotin wajen giram 26, da mai giram 49. Ƙwallon kashu, wanda Kodebuwa da Benin ke nomawa da yawa, na da kalori 553 da furotin giram 18. Ita kuwa ɗanyar tafarnuwa, giram 100 nata na da kalori 149, furotin giram 6 da ɗoriya, mai kuwa rabin giram kacal. Tafarnuwa ta fi gyaɗa bitamin C da bitamin B6, gyaɗa kuma ta fi ta bitamin E, da magniziyam, da folat wanda mata masu juna biyu ke buƙata.

Amma wannan kwatanci na giram 100 yana iya ruɗar mutum, domin ba wanda ke cin tafarnuwa giram 100 a zama ɗaya. Ƙwaya ɗaya da aka ɓare daga dunƙulen tafarnuwa nauyinta kamar giram 3 ne, kuma kalorin da ke cikinta bai kai 5 ba. Cikin tafin hannu ɗaya na gyaɗa, wato kamar giram 30, yana ba da kalori kusan 170 da furotin fiye da giram 7, wanda ya ɗara na ƙwan kaza guda. Kafin mutum ya samu wannan furotin daga tafarnuwa, sai ya cinye ƙwaya kusan 40. Ke nan gyaɗa abinci ce, tafarnuwa kuwa kayan ƙamshin miya ce.

Darasin tamowa

Hujja mafi ƙarfi a kan darajar gyaɗa ta fito ne daga cibiyoyin kula da yara masu tamowa. A shekarar 1996 likitan yara ɗan Faransa André Briend tare da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset suka haɗa Plumpy'Nut, wani kwaɓi na niƙaƙƙiyar gyaɗa, madarar gari, sukari, mai da bitamin. Leda ɗaya mai giram 92 na ba da kalori 500. A lokacin ƙarancin abinci na 2005 a Nijar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi amfani da shi a jihar Maraɗi, inda dubban iyaye mata suka riƙa jinyar 'ya'yansu a gida maimakon kwana a asibiti.

A gida ma, kunun gyaɗa, miyar gyaɗa da garin ƙuli-ƙuli da ake barbaɗawa a kwaɗo hanya ce mai sauƙi ta ƙara wa yara furotin a lokacin da nama ya yi tsada. Ƙuli-ƙuli ma ya fi gyaɗa yawan furotin idan aka auna nauyi ɗaya, tun da an riga an matse yawancin man.

Ina amfanin tafarnuwa yake?

Ƙarfin tafarnuwa yana cikin wani sinadari mai suna alisin, wanda masanin kimiyya Chester Cavallito da abokin aikinsa John Bailey suka fitar a Amurka a 1944. Sinadarin ba ya samuwa sai an daka ko an yanka tafarnuwar, kuma shi ne ke kawo warinta. Zafin wuta na hana shi fitowa, shi ya sa ake ba da shawarar a daka ta, a bar ta kamar minti 10 kafin a jefa a tukunya.

Bincike ya nuna cewa ƙwayoyin da ake sarrafawa daga tafarnuwa kan ɗan rage hawan jini ga wasu masu fama da shi, amma ragin kaɗan ne, bai kai a daina shan maganin likita ba. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta bayyana cewa babu shaidar da ke nuna cin tafarnuwa na kare mutum daga cutar korona. Wani amfaninta da ba a cika kulawa da shi ba shi ne, tana ba miya ɗanɗano, ta yadda uwargida za ta iya rage gishiri da dunƙulen magi.

Inda ake yin hattara

Babban haɗarin gyaɗa shi ne gubar aflatoksin, wadda fumfuna ke haifarwa idan an adana gyaɗa da danshi. An gano ta bayan mutuwar talo-talo kusan 100,000 a Ingila a 1960, sakamakon abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. Tana haddasa sankarar hanta, musamman ga masu ciwon hanta nau'in B, kuma suya ba ta kawar da ita gaba ɗaya. Don haka a shanya gyaɗa ta bushe sarai, a ɗora buhu a kan katako, a tsince ƙwayoyin da suka yamushe, suka sauya launi ko suke ɗaci, kada a niƙa su cikin na ƙuli-ƙuli. Yaran da ba su kai shekara 5 ba a ba su niƙaƙƙiya, domin ƙwaya na iya shaƙe su. Wanda gyaɗa ke sa masa kumburin fuska ko sarƙewar numfashi, ya garzaya asibiti.

Tafarnuwa mai yawa kuma tana jawo ƙwannafi, tana ƙara tsinka jini ga masu shan magani irin su warfarin, ɗanyarta kuma na ƙona fata idan aka ɗaure ta a jiki.

Ga mai sayayya da 'yan sefa ko sidi ƙalilan, lissafin a fili yake: tafarnuwar Abeshe ko ta lambunan Ayar a Agadas dunƙule ɗaya kan kai kwanaki a madafa, sauran kuɗin kuwa gara a zuba su a gyaɗa mai tsabta, domin ita ce ke cika ciki, ita ce kuma ke gina jikin yaro.