Yawon Keke a Tsaunukan Doguwa: GPS Na Aiki Ko Babu Sabis

Daga gefen madatsar ruwa ta Tiga a Bebeji zuwa duwatsun Riruwai a Doguwa, akwai hanyoyin burji da burtalai da mota ba ta cika bi ba. Mai keke zai ji daɗinsu. Matsalar ita ce, da an shiga tsakanin duwatsu sabis kan ɗauke.

Da yawa sun ɗauka GPS ma ya tafi ke nan. Ba haka ba ne. Waya tana karɓar sigina kai tsaye daga taurarin ɗan'adam, huɗu sun isa ta gane inda take, ba ta buƙatar data. Abin da ke buƙatar data shi ne hoton taswirar, don haka a sauke ta tun daga gida.

A nan Google Maps ke ba da kunya: taswirarsa da aka sauke kwatancen mota kawai take bayarwa, ban da na keke. Organic Maps da OsmAnd sun fi dacewa. Dukansu da bayanan OpenStreetMap suke aiki, wanda 'yan sa-kai ke zanawa, saboda haka turbar da ba wanda ya zana ba za ta fito ba. A kunna rikodin tafiya, ko don a san hanyar komawa.

A sa waya a yanayin jirgi, domin neman sabis na shan caji. Dajin Falgore kuwa, manhaja ba ta san halin tsaro ba. Sai a tambayi mutanen gari kafin a doshe shi.