Sakamakon BAC: Yadda Za A Auna Makarantar Kuɗi Kafin A Sa Yaro

Ƴan'uwa, da zarar sakamakon BAC ya fito, sai ka ga wasu makarantun kuɗi a Yamai, Maraɗi da Damagaram suna shelar cewa ɗalibansu duka sun ci. Wannan kaɗai bai isa mizani ba.

Alal misali, makarantar da ta gabatar da ɗalibai 10 duka suka ci, ba lallai ne ta fi wadda ta gabatar da 120, 90 suka ci ba. Ta yiwu ta farkon haziƙai kaɗai take ɗauka, ko kuma tana sallamar masu rauni kafin ajin ƙarshe.

Don haka uba ya tambaya: yara nawa suka fara tare, nawa suka kai ga jarrabawa? Nawa suka ci tun zagayen farko? A wane sashe, A, C ko D? Nawa suka samu fannin da suke so a Jami'ar Abdou Moumouni ko wata jami'a?

Makarantar kirki ita ce wadda ta karɓi yaro mai rauni ta ɗaga shi. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka.